Walƙiyar Da Ke Kama Atom Yana Cikin Tafiya



Duk wanda ya buɗe ido yau da safe ya ga gari ya waye, akwai aikin da ya gudana a can ƙuryar idonsa tun kafin ƙwaƙwalwa ta sami labari. A bangon bayan ido akwai wani ɗan sinadari da ake kira retinal, wanda a lanƙwashe yake zaune. Da zarar ƙwayar haske ta faɗa masa sai ya miƙe, kuma wannan miƙewa ita ce mafarin gani. A 1991 masana a Berkeley ta jihar Kalifoniya a Amurka suka auna tsawon lokacin da miƙewar ke ɗauka, suka samu femtosakan 200 ne.

To, mene ne femtosakan? A ɗauki sakan guda, a raba shi gida biliyan. A ɗauki gida ɗaya daga ciki, a sake raba shi gida miliyan. Ɗaya daga cikin waɗannan shi ne femtosakan. Haske, wanda ba abin da ya kai shi gudu, yana cin kilomita 300,000 a sakan guda, amma a cikin femtosakan 100 bai isa ya ƙetare kaurin silin gashi ɗaya ba. A wannan ɗan tsakani ne ƙwayoyin atom ke sakin juna su kama wasu, kuma wannan saki da kamu shi ne dukkan abin da muke kira sauyin sinadari, tun daga cin wutar itace har zuwa yadda ganyen dawa ke mai da hasken rana abinci.

Shekara da shekaru, masanin sinadarai zaman ɗan kallon dambe yake yi, wanda ya juya don ya amsa gaisuwa. Ya bar mutum biyu a tsaye, ya waiwayo ya tarar da ɗaya a ƙasa. Ya san wanda ya yi kisa, ya san wanda ya faɗi, amma ko da hannu aka yi ko da ƙafa, ko ta haƙarƙari aka shiga ko ta muƙamuƙi, sai dai ya yi hasashe. Ya san abin da ya zuba a kwalba, ya san abin da ya fito, tsakiyar kuwa duhu ce.

Mutumin da ya fara yaye wannan duhu ɗan nahiyarmu ne. Ahmed Zewail, haifaffen Damanhur a ƙasar Masar, wanda ya yi karatu a Jami'ar Iskandariya kafin ya koma Amurka, shi ne a ƙarshen shekarun 1980, a cibiyar Caltech, ya yi amfani da gajerun walƙiyoyin leza ya bi sawun wani ƙullin atom yana tsinkewa. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999. Sai dai dabararsa ta farko tana da iyaka, kuma shi da kansa ya san haka. Hasken leza na yau da kullum yana gaya maka irin launin da sinadari ke haɗiyewa a kowane lokaci, daga nan kai kuma ka yi lissafi ka ce tabbas atom kaza ya matsa. Bai nuna maka inda atom ɗin yake tsaye. Dalili kuwa shi ne zangon hasken da ido ke gani ya fi tazarar da ke tsakanin atom biyu girma sau dubbai, ba zai iya bambance su ba. Shi ya sa Zewail ya ƙarasa rayuwarsa, har rasuwarsa a 2016, yana neman wannan hoto ta hanyar harba elektiron.

Wasu kuma suka bi ta hasken eksire, wanda kowa ya san shi a asibiti wajen hoton ƙashi da na ƙirji. Wilhelm Rontgen ne ya gano shi a garin Wurzburg na Jamus a watan Nuwamban 1895. A 1912 Max von Laue ya nuna cewa idan aka haska shi a kan ƙanƙarar gishiri ko makamancinta, yana tarwatsewa cikin wani tsari, sannan William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka nuna yadda ake karanta wannan tsari a gane jerin atom. Ga wani abin sha'awa: eksiren da jan ƙarfe ke fitarwa zangonsa nanomita 0.154 ne, tazarar da ke tsakanin atom biyu na kabon da suka riƙe juna ita ma nanomita 0.154 ce. Ma'auni ya yi daidai da abin aunawa. Matsalar ita ce kwalbar eksire ta asibiti ko ta ɗakin bincike a kunne take zama, tana zubo haske ba yankewa, saboda haka duk abin da ke motsi sai ya fito a dame. Abin da ake bukata shi ne eksire mai zuwa farat ɗaya ya ɗauke, cikin femtosakan 100 ko ƙasa da haka.

Ƙasashe masu hali sun amsa wannan bukata da manyan gine-gine. Da farko akwai na'urar sinkirotiron, zoben da elektiron ke kewayawa yana fesar da eksire. Ta birnin Grenoble a Faransa kewayenta mita 844 ne. Haskenta na da ƙarfi ƙwarai, amma kowace walƙiya takan ɗauki kimanin femtosakan 100,000, wato ta yi wa tsinkewar atom nawa sau ɗaruruwa. Sai aka zo da lezar eksire. Ta Stanford a Kalifoniya, mai suna LCLS, ta fara haskawa a 2009. Japan ta bi da SACLA. A 2017 aka buɗe European XFEL, rami ne a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 3.4 daga birnin Hamburg zuwa garin Schenefeld, wanda ya ci kuɗi sama da yuro biliyan 1, ƙasashe goma sha biyu suka haɗa hannu a kansa. Ba wanda zai raina abin da waɗannan na'urori suka nuna. A LCLS ne, a 2015, aka kalli zoben atom shida na kabon yana ɓallewa bayan haske ya taɓa shi, irin ɓallewar da ke faruwa a fatar mutum lokacin da rana ke ƙera masa bitamin D.

Amma irin waɗannan lezoji a duniya kaf ba su kai goma ba. Mai bincike zai rubuta takardar neman lokaci, ya jira kwamiti, sau da yawa a ce masa a'a. In ya dace, a ba shi 'yan kwanaki bayan watanni, ya kwashi ɗalibansa da samfurinsa su hau jirgi. Idan bututu ya toshe a daren farko, ko samfurin ya lalace a hanya, shi ke nan, sai wata shekarar. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya gwada abin da bai tabbata zai yi ba. Ni kuwa a ganina, kimiyyar da ba a yarda mutum ya gwada ya faɗi ya sake gwadawa ba, rabin kimiyya ce.

Nan ne batunmu na yau ya shigo, wato samar da wannan gajeren eksire a cikin ɗaki guda, a kan teburin ƙarfe, ta hanyar ƙona abu da leza har ya zama filazma.

Tushen abin yana komawa 1985, a Jami'ar Rochester ta Amurka, inda wata ɗaliba 'yar Kanada, Donna Strickland, da malaminta Bafaranshe Gerard Mourou, suka warware wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu leza tuwo a ƙwarya. Idan ka ƙara wa gajeriyar walƙiya ƙarfi, sai ta fasa na'urar da ke ƙara mata ƙarfin. Sai suka ce a fara miƙar da walƙiyar ta yi tsawo ta yi sanyi, a ƙara mata ƙarfi a haka, sannan a matse ta ta koma gajeriya bayan ta fito. Wannan dabara ta kai su ga kyautar Nobel a 2018. Ku saurari abin da ta haifar. Lezar da ta dace da wannan aiki takan harba walƙiya 1,000 a sakan. In ka haɗa ƙarfinsu duka bai wuce wat 5 ba, ƙwan lantarki ɗan ƙarami ya fi haka ci. Amma da yake kowace walƙiya an matse ta cikin femtosakan 50, ƙarfinta a wannan ɗan lokaci yakan kai megawat 100,000. Babban layin wutar Najeriya a yawancin ranaku megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rabawa.

Wannan ƙarfi ake tattarawa da madubi mai lanƙwasa a ɗora shi a kan ɗigon da bai kai kaso ɗaya cikin goma na kaurin gashi ba, a jikin wani siririn zirin jan ƙarfe. Kafin walƙiyar ta gama isowa, fuskar ƙarfen ta riga ta daina zama ƙarfe. An fizge wa atom-atom ɗin wurin elektiron ɗinsu, abin ya zama filazma, wato irin halin da kayan cikin rana suke ciki, da na tartsatsin aradu. Ragowar walƙiyar sai ta finciko waɗannan elektiron waje, ta sake maka su ciki da gudun tsiya. Su kuma su kutsa cikin ƙarfen da ke baya, wanda bai ma san an taɓa shi ba, yana nan da sanyinsa. Can ciki, idan ɗaya daga cikinsu ya bangaje elektiron ɗin da ke zagaye mafi kusa da cibiyar atom na jan ƙarfe, sai gurbi ya buɗe, na sama ya faɗo ya cike shi, rarar ƙarfin da ya sauke kuma ta fita a matsayin ƙwayar eksire. Daidai abin da ke faruwa a kwalbar asibiti ke nan, bambancin kawai shi ne a nan ana korar elektiron ne muddin leza na haskawa. Leza ta ɗauke, su ma sun tsaya cikin ƙarfen, eksire ya ɗauke. Shi ya sa walƙiyar ke fitowa gajeriya, wajen femtosakan 100.

Kowane harbi yana huda zirin ya bar rami, don haka dole ya riƙa tafiya, ana warware shi daga wannan gargare ana naɗe shi a wancan, domin harbi na gaba ya sami sabon wuri. Tururin ƙarfen da ke tashi kuma yana manne wa madubai masu tsada ya dusashe su, sai aka sa wata leda mai tafiya ita ma a tsakani tana tare ƙazantar. Ana yin komai a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, a kewaye shi da dalma don kada eksire ya taɓa masu aiki. Aiki ne mai datti da yawan gyare-gyare. Wanda ya ga hoton irin wannan ɗaki zai ɗauka wurin masu gyaran inji ne, ba wurin masu kallon atom ba.

Amma akwai wata falala a nan da manyan na'urori suka sha wahala kafin su samu. Ba a kallon sauyin sinadari sai an tayar da shi, kuma dole a san daidai lokacin da ya tashi. A kan tebur, walƙiya ɗaya ake tsagawa biyu. Ɓangare ɗaya ya tafi kai tsaye ya daki samfurin ya tayar da sauyin, ɗayan ya bi ta jan ƙarfe ya zama eksire ya zo ya duba. Tunda uwa ɗaya ta haife su, agogonsu ɗaya ne, ba a bukatar daidaita komai. In ana son eksire ya makara kaɗan, sai a matsar da madubi. A matsar da shi milimita 0.015, hanyar haske ta ƙaru da ninki biyun haka saboda zuwa da dawowa, jinkirin ya zama femtosakan 100. A ƙara matsarwa, a sami 200, a sami 300. Haka ake jera hotuna har su zama labari. A manyan lezojin eksire, inda lezar tayarwa dabam take da injin mai tsawon kilomita, sai da aka ƙirƙiro na'urori na musamman don auna saɓanin lokacin kowane harbi.

A nan zan ɗan ja hankali, domin 'yan jarida, har da mu na rediyo, muna son cewa an ɗauki fim ɗin atom. Ba ƙullin atom guda ake bi da kyamara ba. Kowane hoto matsakaicin biliyoyin ƙulle-ƙulle ne da aka tayar tare, kuma sai an maimaita harbin sau dubbai kafin hoto ɗaya ya fito. Wannan na nufin samfurin dole ya koma yadda yake kafin harbi na gaba, ko kuma a riƙa sauya shi, kamar a narkar da shi a ruwa a bar ruwan yana kwarara. Abin da ake samu lambobi ne da layuka a kan kwamfuta, daga su ake fitar da tazarar atom. Gaskiya ce, amma sai an yi mata lissafi.

Wannan hanya ba jiya aka fara ta ba. A 1991 Margaret Murnane, 'yar ƙasar Ailan, da Henry Kapteyn da Roger Falcone a Berkeley suka nuna cewa filazmar leza na iya ba da gajeriyar walƙiyar eksire. A 1997 masana a ɗakin binciken haske na Palaiseau, kusa da Paris, cikinsu har da Antoine Rousse, suka yi amfani da ita suka ga jerin atom na wani siririn abu yana rushewa cikin ƙasa da femtosakan 1,000. Tsakanin 1999 da 2001, a San Diego da kuma Palaiseau, aka nuna wani abu mai ɗaure kai: idan leza ta daki irin kayan da ake ƙera sassan lantarki da su, jerin atom ɗinsu na narkewa tun kafin su yi zafi, saboda an kwashe elektiron ɗin da ke riƙe su. Duk wannan an yi shi ne shekaru kafin a kunna LCLS. Daga baya Cibiyar Max Born da ke Barlin, ƙarƙashin Thomas Elsaesser da Michael Woerner, ta ƙware a kan zirin jan ƙarfe har ta kai ga zana taswirar yadda elektiron ke sauya mazauni a cikin garin gishiri. Ɗaya daga cikin gishirin da suka fara gwadawa, a 2010, shi ne amoniyam salfet, wanda manomanmu suka sani a buhun takin zamani.

Raunin wannan hanya ɗaya ne, kuma babba ne: ƙarancin haske. Eksiren da ke fitowa daga ɗigon filazma ko'ina yake watsuwa, gabas da yamma, sama da ƙasa. Ɗan abin da madubi ya iya tarowa ya kai kan samfur bai wuce 'yan miliyoyin ƙwayoyin haske a sakan ba. Lezar eksire kuwa a walƙiya ɗaya tak takan zubo kusan tiriliyan guda, duk a miƙe waje ɗaya. Abin da Hamburg za ta ba ka a ƙiftawar ido, teburinka sai ya kwana da kwanaki yana tarawa. Duk wanda ya ce maka ƙaramar na'ura za ta maye gurbin babba, ko dai bai san lissafin ba ko kuwa yana neman ya sayar maka da wani abu.

Masu wannan sana'a ba su yi musun haka ba, sai suka nemi yadda ba za su yi asarar ko ƙwaya ɗaya ba. Misalin da ya fi burge ni shi ne haɗin gwiwar Jami'ar Lund ta Suwidin da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, reshenta na Boulder. Maimakon jan ƙarfe, suka harbi siririn ruwa mai kwarara, wanda ba ya ƙarewa kuma ba ya ɓata madubi da tururin ƙarfe. Sannan suka kawo wata na'urar ganowa da ake sanyaya ta har ta rage kaso ɗaya cikin goma na digiri ta kai ƙarshen sanyin da ke yiwuwa a halitta. A wannan sanyi, ƙwayar eksire guda ɗaya in ta faɗo, ɗan ɗumin da ta kawo ya isa a auna shi a san ƙarfinta. Kowace ƙwaya ana ƙirga ta, ana sanin ko wace iri ce.

Da wannan suka shiga wata gardama da ta daɗe. Akwai wani sinadari, ferioksalat, atom ɗin baƙin ƙarfe ne a tsakiya, ƙullin oksalat uku sun riƙe shi. Tun shekarun 1950 ake amfani da shi a ɗakunan bincike wajen auna yawan haske, domin haske na taɓa shi yake sauyawa. Amma me ke fara faruwa? Elektiron ne ke fara tsallakawa zuwa kan ƙarfen sannan ƙullin ya tsinke, ko kuwa tsinkewar ce ke gaba? Wani binciken baya ya ce tsinkewa ce. Sakamakon teburin Boulder, wanda aka wallafa a 2017, ya goyi bayan cewa elektiron ne ke fara tafiya, kuma ya dace da abin da masu aiki da SACLA suka gani a Japan. Ƙaramar na'ura ta ba da shaida a shari'ar da babba ke ciki, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Kada mai sauraro ya ce ina ruwanmu da ferioksalat. Ƙurar da ke rufe mana sama lokacin hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana ɗauke da ƙarfe. Idan ta haɗu da ɗigon ruwan gajimare mai oksalat, rana kuma ta haska, irin wannan sauyi na cikin abubuwan da ke narkar da ƙarfen ya zama wanda ƙananan halittun teku ke iya ci bayan ƙurar ta sauka a Atilantika. Haka kuma batun hasken rana. Sinadaran da suka fi iya kama haske su riƙe shi har a ci moriyarsa, da yawansu da rutiniyam ake yin su, ƙarfe mai tsada da wuyar samu. Baƙin ƙarfe ga shi ko'ina, amma sinadaransa na zubar da ƙarfin da suka kama cikin kimanin femtosakan 100. Sai da aka gane ta inda ƙarfin ke zurarewa, sannan masanan Lund suka iya ƙera sinadarin ƙarfe da ke riƙe shi sau dubbai fiye da haka. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ga inda ɓarakar take shi ke iya ɗinke ta.

Akwai wani reshe na wannan fasaha da zan taɓa a gurguje. Idan leza mai ƙarfi sosai ta ratsa iskar gas, takan bar igiyar filazma a bayanta, elektiron su hau igiyar suna gudu suna karkaɗawa, karkaɗawar ta fitar da eksire mai tafiya a miƙe, wanda ya fi na jan ƙarfe gajarta. Toshiki Tajima da John Dawson ne suka kawo tunanin hanzarta elektiron ta wannan hanya a 1979, a Palaiseau kuma aka fara ganin eksiren a 2004. Tarayyar Turai ta gina cibiyar ELI kusa da birnin Prague inda ake ba masu bincike irin wannan haske. Wanda kuma yake ganin filazmar leza wasan malaman jami'a ne, ya duba wayar da ke hannunsa. Kamfanin ASML na ƙasar Holan yana ƙera injin da ke harbin ɗigon narkakkiyar kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos, sau 50,000 a sakan, filazmar da ke tashi ta ba da haske mai zangon nanomita 13.5, da shi ake zana sassan kwamfuta da waya mafi ƙanƙanta a duniya.

Yanzu mu dawo gida. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da sinkirotiron ko ɗaya. Gabas ta Tsakiya ta buɗe tata, SESAME, a ƙasar Jodan a 2017, da Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Pakistan da Turkiyya da Sayifurus duk a teburi guda, kuma tun 2019 da wutar hasken rana take aiki. Masanan Afirka sun yi babban taronsu na farko kan gina tamu a 2015, a Grenoble aka yi shi, tunda can na'urar take. Buri ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma ko yau aka sa hannu a takarda, gini irin wannan shekaru yake ɗauka, kuma ranar da aka gama shi tambayar farko ita ce su wa za su yi aiki da shi. Ba a koyon daidaita madubin leza, ko gyaran famfon zuƙe iska, ko karanta layukan eksire, a ziyarar kwana biyar a ƙasar wani. Ana koyonsu ne a ɗakin da ɗalibi ke da mabuɗinsa, inda zai ɓata wata guda yana neman dalilin da haske ya ragu ba tare da wani kwamiti ya tsaya masa a ka ba.

Shi ya sa nake ganin wannan ƙaramar hanya ta fi dacewa da mu fiye da yadda ta dace da Jamus. Su a wurinsu ƙari ce a kan abin da suke da shi, mu kuwa ƙofar shiga ce. Ba na cewa araha ce. Lezar kaɗai kuɗinta ya kai na gina babban ɗakin karatu, kuma ba ta jure ƙura, ba ta jure sauyin zafin ɗaki ko da digiri ɗaya ko biyu ne, ba ta jure wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Jami'ar da ba ta iya ba ɗaki ɗaya wuta da sanyi ba yankewa dare da rana, kada ta soma, domin za ta sayi injin da zai zama wurin ɗaukar hoto da manyan baƙi. Amma ɗaki ɗaya ba gari guda ba ne, faifan sola da batura sun isa su riƙe shi. Kuma ba daga kan komai za a fara ba. Akwai Cibiyar Leza ta Afirka da aka kafa a 2003, mai mazauni a Afirka ta Kudu, Jami'ar Stellenbosch na da lezojin femtosakan, Jami'ar Cape Coast a Gana na da cibiyar leza, a Dakar ma akwai masanan haske da suka daɗe suna horar da ɗalibai.

Kirana ga hukumar TETFund da shugabannin jami'o'inmu, daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri har Yamai, shi ne kada a raba ɗan abin da ake da shi kowa ya sayi rabin inji. A zaɓi wuri ɗaya, a gina ɗakin leza ɗaya na haɗin gwiwa, a sa kuɗin gyara da na kayan canji na shekara goma a cikin kasafin tun ranar farko. A tura matasa su zauna shekaru a Barlin ko Lund ko Palaiseau, kuma cikin waɗanda za a tura a sa masu fasahar hannu, ba masu digirin digirgir kaɗai ba, domin su ne za su hana injin mutuwa. Ku kuma ɗaliban fiziks da kimiyyar sinadarai da ke sauraronmu, ku riƙe darasin haske da na lissafi da kyau. Donna Strickland ɗaliba ce lokacin da ta yi aikin da ya kai ta ga Nobel, kuma ita ce takardar bincike ta farko da ta taɓa wallafawa.